Na-Bisa Ya Cire Takalmi

Kan da Hashimu yake sawa tukwane biyu ne na alminiyam, wani maƙeri a Talata Mafara ya haɗa bakinsu ya yanke gindin ɗaya don wuya ya shiga. Idanun gilashin fitilar babur ne. A bisa an liƙa eriyar tsohuwar rediyo, a ciki kuma an naɗe guntun tiyon ban ruwa daga baki zuwa ƙeya, don in ya yi magana muryar ta fito kamar daga cikin rijiya. Da wannan kai, da rigar buhun taki da aka shafa wa fenti mai ruwan azurfa, da takalmin roba na shiga fadama, Hashimu yake zama Na-Bisa, baƙon da jirginsa ya lalace ya faɗo bayan gari daga wata duniya, yana yawo yana tambayar mutane abin da ba a tambaya.

Shirin dariya ne. Mas'ud mai ɗaukar bidiyon biki shi ya ƙirƙiro shi, wata tashar talabijin ta karɓa tana sawa ran Juma'a bayan la'asar, kafin Asabar kuma ya bazu a wayoyi daga Mafara har Maradun. Na-Bisa ya taɓa tsayawa gindin falwaya ya tambayi masu wucewa wannan icce na ƙarfe me yake haifa. Aka ce masa wuta. Ya shimfiɗa tabarma ya zauna jiran ta nuna. Ya taɓa ganin ana rabon shinkafa da atamfa, ya aika wa mutanen duniyarsu labari cewa 'yan wannan ƙasa halitta ce mai ban mamaki, ba sa jin yunwa sai zaɓe ya kusa. Mutane suna dariya har su kwanta, sannan su tashi su dubi juna.

Sharaɗi ɗaya Hashimu ya kafa wa Mas'ud tun ranar farko, kada kowa ya san wane ne a ciki. Ba yaro ba ne. Yana da furfura a gemu, yana da mata da 'ya'ya, kuma ya san garinsu. Wanda ka yi wa dariya yau, gobe a ƙofar gidansa za ka tsaya. Don haka a ƙuryar shagon Mas'ud yake sa kayan, a fito da shi a keke mai ƙafa uku an saki labule, a mayar da shi haka. Ko Lailatu matarsa, ce mata yake ya tafi Mafara neman taki. Kuma ba ɗan abin da Mas'ud ke ba shi ne ya ja shi ba, don ba wani abu ba ne. Shi dai a cikin tukunyar nan kaɗai yake faɗin abin da ke ransa ba wanda ya ce masa yi shiru.

Akwai kuwa abin faɗi. Gonarsa ta damina tana can bayan Dakko, inda mutanen daji masu bindiga suka hana zuwa. Rabon da ya taka ta har ya daina tunawa. Ya kwaso iyali ya dawo cikin Bakura ya kama ɗaki. Abin da ya rage masa a duniya ɗan fegi ne na noman rani a wutsiyar kwatar ban ruwa, can ƙarshe, inda ruwan da ya taso daga dam ta wajen Maradun yake isowa a gajiye. Shinkafar da ke fegin nan ita ce tuwon gidansa. Babu ta biyu.

Ruwan nan yana da ƙofa. Ƙofar tana da sitiyarin ƙarfe, sitiyarin yana da sarƙa da kwaɗo, makullin kwaɗon yana aljihun Alhaji Ɗantala. Manoman layin da kansu suka zaɓe shi shugaban ƙungiyarsu a wata shekara, daga nan ba a sake zaɓe ba. Wanda ya sa hular jam'iyyarsa, ruwa ya wuni a gonarsa. Wanda ya yi ƙorafi a taro, in layinsa ya zo sai a ce masa, "A yi haƙuri, ana gyara." Alhaji yana faɗa yana sosa kunne da makullin. Kowa ya san wannan sosa kunne.

Hashimu ne da kansa ya kawo shawarar sabon fitowa. Na-Bisa zai ba da labarin duniyarsu, inda iska ba kyauta ba ce, a bututu take zuwa, wani Sarkin Iska ke riƙe da makulli. Wanda ya tafa masa a buɗe masa ya shaƙa. Wanda ya yi tari a taro a ce masa a yi haƙuri ana gyara, har ya shiɗe. Mas'ud ya yi dariya har ya riƙe ciki.

"Ka sosa kunne da makulli," in ji shi.

"Tukunya ba ta da kunne."

"To ka sosa inda ya kamata shi kasance."

Suka ɗauka ran Talata, kasuwar Mafara ta cika, wajen 'yan tumaki. Jama'a sun yi zobe, Na-Bisa yana tsakiya da ƙaton makullin katako, yana sosa gefen tukunya, yana cewa ta cikin tiyo, "A yi haƙuri, ana gyara, a riƙe numfashi zuwa jibi." Masu saye da masu sayarwa duk sun bar ciniki. Yana cikin haka, ta gilashin fitilar babur ya hango wani tsoho yana ratsa mutane, yana jan rago.

Malam Sambo ne, uban Lailatu. Bafillace ne da ya daɗe da ajiye sanda ya kama fartanya, shi ma an taso shi daga Dakko yana zaune Bakura. 'Ya mace ɗaya Allah ya bar masa, don haka surukinsa ɗaya a duniya. Tun ranar da Hashimu ya fara zuwa neman aure bai taɓa kasancewa a tsaye ba in Malam Sambo yana wucewa. Ko a kan babur yake sai ya sauka. Ko a cikin taɓo yake sai ya fito ya cire takalmi. Tsohon kuma bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai ya ce "wanga ɗan" ko "mutumin gidan Lailatu", ya kau da kai. Haka ake yi. Abin ya daɗe da barin kan Hashimu ya koma gwiwarsa.

To gwiwar ce ta yi aikinta. Magana ta yanke a tsakiya. Baƙon wata duniya ya ja da baya zuwa gefen hanya, ya zare takalmin roba ɗaya bayan ɗaya, ya durƙusa, ya sunkuyar da tukunya har eriya ta taɓa kashin tumaki.

Malam Sambo ya tsaya. Ya dubi abin, ya dubi mutane. Sannan ya ce, "Sannu dai, bawan Allah. Allah shi yi albarka." Ya ja ragonsa ya wuce.

Kasuwa ta fashe. Wani mahauci ya zauna a ƙasa yana dukan cinya. Kowa ya ɗauka shiri ne.

Da suka koma shago aka cire masa kan, gumi ya jiƙa shi har gemu. Kafin ya sha ruwa ya ce, "Ka yanke wurin nan."

"Wane wuri?"

"Ka san wurin."

"Hashimu, wurin nan shi ne shirin. Tunda muka hwara ba a yi dariya irin ta yau ba."

"Surukina ne."

Mas'ud ya rage dariya kaɗan, ya ce zai duba. Bai yanke ba. Daga baya ya ce ko ya yanke aikin banza ne, rabin kasuwa sun ɗaga waya sun ɗauka. Wannan gaskiya ne. Amma bai yanke ba.

Ran Juma'a Hashimu ya dawo daga fadama gab da magariba, ya tarar da Lailatu tana tankaɗe a tsakar gida. Ba ta ɗago ba.

"Baban Salma, an samu takin?"

"Wane taki?"

"Wanda kake zuwa nema Mafara kowace Talata."

Ya jingina fartanya a bango.

"Na ga ƙahwarka a wayar Rumaisa ta maƙwabta," in ji ta. "Babban yatsan da garma ta tsaga. Ko ba yatsan ma, wa ke cire wa Baba takalmi a garin ga?"

"Shi ya gane?"

"Baba na can ƙohwar masallaci shina hwaɗa wa mutane har baƙon wata duniya ya san girmanshi. Shi kaɗai ne bai gane ba."

A gari ba wanda ya tari Hashimu da maganar, kuma wannan ya fi muni. Gaisuwa ce kawai ta ƙara tsawo. Mai shayi ya tambaye shi gida, ya tambaye shi iyali, ya tambaye shi fadama, ya tambaye shi rana, sannan ya ce, "Ya mutanen bisa?" Ya juya ya ci gaba da kaɗa madara.

Layinsu ya zo, ruwa bai zo ba. Hashimu ya taka har ƙofar ruwan da safe ya tarar da sarƙa a ɗaure, ruwa cike a babbar kwata yana wucewa zuwa gonakin sama. Ya tambayi wani manomi da ke wanke ƙafa. Mutumin ya ce an ce ana gyara, ya sunkuyar da kai kamar yana neman abu a ruwa.

Shinkafar kuwa ta yi ciki. Duk wanda ya yi noman rani ya san lokacin nan. In tana ƙarama ta sha ƙishi za ta farfaɗo. In ta yi ciki ta sha ƙishi, za ta fidda kai ka gan ta tsaye kyakkyawa, ka murza a hannu ka tarar ƙaiƙayi ne. Ƙasa ta fara tsagewa, da farko kamar zare, daga baya har yatsa yana shiga. Ganyen ya fara naɗewa da rana. Kuma ba fegin Hashimu kaɗai ke wutsiyar ba. Akwai na maƙwabcinsa Lukman, akwai na wata gwauruwa Taibatu da ke noma da kanta tunda aka kashe mijinta a hanyar gona.

Lukman ya same shi tsugune a bakin fegi. Suka gaisa sosai, kamar ba kullum suke ganin juna ba. Sannan Lukman ya tsinke ganye ɗaya ya naɗe a yatsa.

"Ni ban ga laihinka ba. Na yi dariya ni ma, har matata ta ce in rage. Amma ka dubi nan. Mu mi muka yi?"

"Ba ku yi komai ba."

"To ka tahi ka gan shi. Kai ka ɗaure, kai ka kwance."

Taibatu tana can a nata gefen tana ɗibar ragowar laka da kwano tana zuba wa gindin shinkafa. Ba ta dubo su ba.

Hashimu ya juya abin ta kowane gefe. Injin ban ruwa, ko ya ara, babu abin da zai ja, magudanar wutsiya ta bushe ƙayau. Kai ƙara, wurin wa? Duk inda ka kai, shugaban ƙungiya za a tambaya, shi kuma zai ce ana gyara. Komawa Dakko, wannan ba magana ba ce. Sai wata dabara ta faɗo masa. A sa wani dogo a cikin kan, a ɗauki sabon shiri, shi Hashimu ya tsaya cikin 'yan kallo da fuskarsa a buɗe yana dariya. Kowa ya ga Na-Bisa daban, Hashimu daban. Ya hau babur ya nufi Mafara.

Ya tarar da sabon janareta a ƙofar shagon Mas'ud, ko ledar ba a gama cirewa ba. Mas'ud ya saurari dabarar har ƙarshe yana goge kyamara da gefen riga.

"Dabara ce mai kyau," in ji shi. "Sai dai kan ba shi nan."

"Shina ina?"

"Alhaji ya zo jiya. Ya ce zai nuna wa yaranshi."

"Ka ba shi."

"In hana shi? Hashimu, tashar nan ba ta biyanmu komai, ka sani. Ya ce shi zai ɗauki nauyin shirin daga yanzu. Mutumin kirki ne in ka zauna da shi."

Hashimu ya dubi janaretan, ya dubi ƙusar da ake rataye kan a jikinta. Bai zagi Mas'ud ba. Ya fita ya tada babur.

Washegari da hantsi ya je gidan Alhaji Ɗantala. Ya tarar da shi a rumfar ƙofar gida da mutanensa, ga kan Na-Bisa an ɗora a kujerar roba kusa da shi, an kafa masa hular jam'iyya a kan eriya.

"Salamu alaikum. Ranka shi daɗe, an kwana lahiya?"

"Lahiya lau, Malam Hashimu. Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ya iyali? Ya yara?"

"Lahiya lau suke."

"Ya Malam Sambo? Ya ƙarhin jikinshi?"

"Da sauƙi, ranka shi daɗe."

"Madalla. Ya fadama?"

Hashimu ya ce, "Fadama sai godiya. Ƙishi dai."

"Ayya. Ana gyara ne." Alhaji ya ciro makulli ya kai kunne, sai ya tsaya, ya dubi makullin, ya fashe da dariya. Mutanensa suka taya shi. "Ka gani? Yanzu ko kunnena ba ni iya sosawa sai in tuna da kai. Wallahi ban ji haushi ba. Na kalla har hawaye. Kamar ni sak."

"Wasa ne, ranka shi daɗe."

"Na sani wasa ne. Ni ma ina son wasa." Ya dafa tukunyar. "Gyaran ya kusa ƙarewa. Ran Lahadi za mu buɗe, da ɗan taro, don ka san ina neman kansila. Ina so Na-Bisa shi zo shi buɗe da hannunshi. Shi hwaɗa wa jama'a ya zaga duniyoyi bai ga mai riƙon ruwa irina ba."

Hashimu ya auna. Magana ce kawai. Tiyo ne zai faɗa, ba bakinsa ba. Ya ce, "To, ranka shi daɗe."

"Sai abu ɗaya. Durƙuson nan. Shi mutane suka hi so. In ya iso gabana shi cire takalmi shi durƙusa, yadda ya yi a kasuwa. Har eriya ta taɓa ƙasa."

Wani ya daina taunar goro.

"Ranka shi daɗe, wancan na suruki ne."

"Na sani. Shi ya sa nake so."

"In wani ya sa kan hwa? Akwai dogaye da yawa."

"Dogaye da yawa, amma ba su da wanga yatsa." Ya nuna ƙafar Hashimu da makulli. "Ka gaida gida."

A gida ya gaya wa Lailatu duka, bai rage komai ba. Tana tsinar shinkafa a faifai. Ta ce buhun da ke ɗaki shi ne na ƙarshe, kuma ya kai rabi.

"Ba zan ce ka yi ba, ba zan ce kada ka yi ba."

"Ubanki ne."

"Na san ubana ne."

Ta ci gaba da tsinar tsakuwa. Hashimu ya yi tunanin zuwa wurin tsohon ya faɗa masa tun kafin ranar, ya ce Baba ga yadda ta kama, kada ka ɗauka wani abu. Har ya kama hanyar unguwarsu. Da ya hango bakin zauren sai ƙafarsa ta tsaya. Da wane baki? Shekarun nan duka tsakaninsu gaisuwa ce daga durƙuso, ido a ƙasa, a amsa a wuce. Suruki ba ya zama ya ba surukinsa labarin ya sa tukunya a ka. Kunyar da ta tona shi a kasuwa ita ce ta hana shi shiga zauren. Ya juya.

Ran Lahadi rana ta take. An kafa rumfa a bakin ƙofar ruwa, ga kujerun roba, ga lasifika, ga makaɗa, ga Mas'ud da kyamara a kafaɗa yana kauce wa idon Hashimu. A bayan wata mota aka sa masa kayan. Cikin tukunyar yanzu turaren Alhaji yake yi. Da ya fito yara suka ruga, manya suka miƙe. Ta gilashin fitila ya duba sahun gaba. Malam Sambo yana zaune kusa da Alhaji Ɗantala, da farar rigarsa ta Juma'a. Mota aka aika ta ɗauko shi. An ce masa baƙon da ya girmama shi a kasuwa zai zo, ya kamata a gan shi.

Aka miƙa wa Na-Bisa abin magana. Ya faɗi abin da aka ce ya faɗa. Ya je duniyar iska, ya je duniyar wuta, ya je duniyar da ake noma a kan gajimare, bai ga mai adalcin rabon ruwa kamar Alhaji Ɗantala ba. Aka tafa. Aka yi dariya ma, amma ba irin ta kasuwa ba. Wannan gajeruwa ce, kowa yana yi yana duban na kusa da shi.

Saura durƙuso. Hashimu ya ga wata 'yar ƙofa. Su biyun suna zaune kafaɗa da kafaɗa. In ya durƙusa a tsakani, Alhaji ya ɗauka nasa ne, shi kuma ya san wa ya yi wa. Ya fara takawa. Alhaji Ɗantala bai kai inda ya kai da wauta ba. Ya miƙe, ya gyara babbar riga, ya taka har bakin sitiyari, ya tsaya can shi kaɗai yana kaɗa makulli.

Hanyar zuwa can ta gaban Malam Sambo take bi.

Da ya zo daidai tsohon, gwiwa ta fara lanƙwashewa da kanta. Hashimu ya ƙanƙame ta. Ya wuce a tsaye, da takalmi a ƙafa, kusa har rigar buhu ta shafi gefen kujerar. Ya ji tsohon ya fara cewa, "Sannu dai, bawan..." bai ƙarasa ba. Da ya isa gaban Alhaji kuma gwiwar ta ƙi. Sai da ya dafa cinya da hannu biyu ya danna kansa ƙasa. Ya zare takalmi ɗaya, ya zare ɗayan. Yatsan da garma ta tsaga ya fito fili a kan siminti mai zafi. Ya sunkuya har eriya ta taɓa ƙasa. Makaɗa suka ɗauka.

Alhaji ya bar shi a haka ɗan lokaci, don Mas'ud ya ɗauka da kyau. Sannan ya buɗe kwaɗo, ya ja sarƙa, ya ce baƙo ya taso ya juya. Na-Bisa ya kama sitiyari ya murɗa. Babu abin da aka gyara a jikinsa, tsatsar ma tana nan. Ƙofa ta ɗaga, ruwa ya kwararo cikin ƙaramar kwata yana tura busasshen ganye da leda a gaba.

A bayan mota aka cire masa kan. Alhaji da kansa ya zo ya karɓa, ya miƙa wa direba.

"Zai zauna wurina, kada shi lalace. Zaɓe da saura. Akwai taron jam'iyya a Maradun, akwai na Ruwan Gizo. Za a aiko maka."

Hashimu bai hau babur ɗin kowa ba. Ya bi ruwan a ƙasa, yana tafe yana kallon bakinsa yana rarrafe cikin kwata, har wutsiya. Lukman ya riga ya isa, ya fasa kunyar feginsa da fartanya, ya fasa ta Taibatu, bai ɗago ba. Hashimu ya karɓi fartanyar ya fasa tasa. Tsagar ƙasa ta riƙa shan ruwa tana tsuwa, tana fidda kumfa. Ya tsaya yana kallo har ruwa ya fara kwanciya a gindin shinkafa.

Yana nan tsaye ya hango farar riga a kan hanyar gefen kwata. Malam Sambo ne, ya ƙi motar da ta kawo shi, yana komawa Bakura a ƙasa. Babu wata hanya sai ta nan. Hashimu ya hau gefe da sauri, ya kai hannu ga takalmi, ya zare dunduniya ɗaya.

Tsohon bai kau da kai ba yadda ya saba. Ya tsaya ya dube shi tsakar ido.

"Bar su a ƙahwarka, Hashimu. Ka cire yau, ya isa."

Ya dubi shinkafar, ya ce Allah shi sa albarka, ya wuce.

Hashimu ya tsaya da dunduniya ɗaya a waje. Tunda yake bai taɓa jin sunansa a bakin nan ba. Ruwa ya ci gaba da shiga fegi, ya cika tsaga, ya hau. Ganyen zai warware kafin la'asar. Amma shinkafar ba ta fidda kai ba tukuna, za ta sake neman ruwa kafin ta nuna. Ya mayar da ƙafarsa cikin takalmin, ya ɗauki fartanya ya shiga gyara kunya.